Takardar ba ta tsufa, ilimin ne ke tsufa

Ma'aikaciyar jinyar da ta fito daga makarantar kiwon lafiya ta ENSP a Yamai cikin shekarar 2000, abin da aka koya mata kan masassarar cizon sauro a sarari yake: a ba da nibakin, in ciwo ya yi tsanani a ɗaura ƙarin ruwa da kinin. Yau an jingine nibakin, domin ƙwayar cutar ta daina jin sa. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada jini kafin a ba da magani, ba a dogara da zafin jiki kawai ba. Bayan haka ta fifita allurar artesunat a kan kinin ga wanda ciwon ya kayar. A 2012 ta amince da ba yara ƙanana maganin rigakafi wata-wata lokacin damina, sannan a 2024 Nijar ta ƙaddamar da allurar rigakafin cutar a garin Gaya. Cuta ɗaya ke nan fa. Ita kuwa takardar shaidar da ke cikin akwatinta tana nan yadda aka ba ta. To ta wace hanya sabon ilimin ke isa gare ta, kuma wa ke bincikawa ko ya isa?

A tsarin da Nijar ta gada daga Faransa, ƙofar shiga ce ake tsarewa. Ɗalibi zai yi karatu a makarantar gwamnati, kamar ta Yamai mai ɗauke da sunan Damure Zika ko ta Damagaram, ko kuwa a ɗaya daga cikin makarantun kuɗi da suka yawaita, ya ci jarrabawar ƙasa, a ba shi diflom. Wannan takarda ba ta da ranar mutuwa. Wanda ke son buɗe ɗakin shan magani na kansa sai ya nemi izini daga ofishin ministan kiwon lafiya, wanda ya shiga aikin gwamnati kuma dokokin ma'aikata ne ke bi da shi.

Ƙarin ilimi yakan zo ta hanyoyi uku, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Mafi yawa shi ne gajeren horo na ƴan kwanaki, wanda ma'aikata ke kira farmasiyo. In an sauya ƙa'idar magani, sai a horar da ƴan kaɗan a Yamai, su sauka jihohi su horar da wasu, waɗannan su horar da na gundumomi, har magana ta kai ga majo na ƙaramar likitar CSI, wanda galibi ma'aikacin jinya ne, ba lokotoro ba. Shi ake sa ran ya koma ya tara abokan aikinsa ya maimaita masu. A nan gizo ke saƙar. Majo ya dawo ya tarar da mata zaune reras a kan benci, kowacce da goyo da katin awo a hannu, rajista na jiran cikawa, rahoton wata ya ƙarato. Littafin horon sai ya shiga durowa. Kuma da yake kuɗin horon yawanci daga masu tallafi na waje yake fitowa, cutar da ke da mai gida ita ke samun taro: masassara, rigakafi, tamowa, tarin fuka. Wankin gyambo, kula da mai hawan jini ko mai ciwon suga, da yadda ake yi wa majinyaci magana, ba kasafai ake kiran taro dominsu ba. Ga kuma kuɗin zama da ake biya, wanda ya sa wani lokaci mai uwa a gindin murhu ke halartar horo biyar, na ƙauye bai ga ko ɗaya ba. Ban ga laifin mai ƙaramin albashi in ya so kuɗin zama ba. Laifin na wanda ke rubuta sunaye ne.

Hanya ta biyu ita ce rangadin shugabannin gunduma, su duba rajista, su ga yadda ake aiki, su gyara. In an samu mota da mai, wannan ya fi taron otal amfani, don a gaban majinyaci ake koyarwa. Ta uku ita ce komawa makaranta bayan shekaru ana aiki, kamar cibiyar ISP ta Yamai, a fito da babbar takarda a hau mataki.

Da an tsallaka iyaka zuwa Katsina ko Sakkwato sai a tarar da wani tsari dabam, wanda ya biyo sawun Ingila. A Najeriya, hukumar NMCN mai kula da ma'aikatan jinya da ungozomomi tana riƙe da rajista, lasisin da take bayarwa kuma yana ƙarewa bayan shekara 3. Kafin a sabunta, dole mutum ya nuna shaidar ya halarci horon da ake kira MCPDP, ya biya kuɗi. Ingila ta fi tsanantawa: tun 2016, a kowace shekara 3 ana neman awa 450 na aiki da awa 35 na ƙarin ilimi. Faransa kanta ta motsa, ta kafa majalisar ma'aikatan jinya a 2006, daga baya ta wajabta ƙarin ilimi ga ma'aikatan lafiya.

Amfanin wannan tsari shi ne kowa yana cikin lissafi, har wanda ke aiki a asibitin kuɗi, kuma akwai abin da za a iya ƙwacewa in mutum ya yi sakaci da rai. Sai dai kada a ɗauka aljanna ce. Kuɗin horo da na mota daga aljihun ma'aikaci suke fita, kuma sa hannu a takardar halarta ba shi ne iyawa ba. Hukuma mai riƙe da lasisi tana iya amfani da shi ta wata fuska ma: a Fabrairun 2024 ma'aikatan jinya sun yi zanga-zanga a Abuja da Legas bayan NMCN ta ce sai mutum ya yi shekara 2 yana aiki kafin a tantance masa takardun fita waje.

A ganina, in Nijar za ta ɗauki wani abu daga maƙwabciyarta, kada ta fara da kuɗin sabuntawa. Ta fara da kundi: kowane ma'aikacin jinya, na gwamnati da na kuɗi, a rubuta horon da ya yi da ranar da ya yi shi, ta yadda shugaban gunduma zai buɗe ya ga wanda ya shekara biyar ba a kira shi ba, ya sa shi gaba. Sai an tabbatar horo yana kai wa wanda ke shi kaɗai a ɗakin shan magani na karkara, sannan a yi maganar hana aiki ga wanda bai yi ba. Ƙungiyar ƙwadago ta SUSAS da ofishin ministan kiwon lafiya, wannan aikinku ne, ku zauna a kansa.