TALIYA DA CUKU A TUKUNYAR SANNU-SANNU

Duk wanda ya baro gida Arewa ya zo neman abinci Kurmi ya san cewa bayan kuɗi, babu abin da ya yi ƙaranci a nan kamar wuri da lokaci. A Agege ko Idi-Araba cikin Ikko, a Sabo ta Badun, ko a unguwar Hausawa ta Owerri, sau da yawa magidanci da iyalinsa ɗaki guda suke ciki, madafi kuwa na tarayya ne da maƙwabta biyar ko shida, kowace mace da rishonta a jere. Wadda ke da 'yar sana'a tana son ta yi girki, tana kuma son ta kula da ciniki da yara. A irin wannan zama, abincin da ake gasawa cikin tanderu sai dai a gan shi a hoto.

To, akwai wata tukunyar lantarki da ake samu a manyan kantuna da wajen masu sayar da kayan gwanjo, wadda ke iya fid da gasasshiyar taliya da cuku ba tanderu, ba hayaƙi, ba tsayuwa a kanta. Turawa suna kiranta da sunan da ke nufin mai dafuwa a hankali, saboda haka ba laifi in an ce mata tukunyar sannu-sannu. Amma sauƙin nata yana da sharuɗɗa, wanda bai san su ba kuwa yana iya asarar kayan miya na kuɗi masu yawa, ko ma ya jawo wa gidansa ciwon ciki.

Asalin Tukunyar

Wani mutumin birnin Shikago na Amurka mai suna Irving Naxon shi ya ƙago ta. Ya nemi rajistar ƙirarsa a 1936, aka ba shi a 1940. Bayahude ne, mahaifiyarsa kuwa ta taso ne a birnin Bilniyus na ƙasar Lituweniya. Ita ta ba shi labarin yadda mutanensu ke yi da yake addininsu ya hana su hura wuta ran Asabar: tun ran Juma'a da yamma sai a haɗa wake da nama da sauran kaya cikin tukunya, a kai gidan burodi a sa cikin tanderun da aka gama aiki da shi. Sauran zafin nan da ke mutuwa a hankali shi ke dafa abincin dare farai, gari na wayewa a je a ɗauko. Naxon ya yi tunanin yadda lantarki zai maye gurbin tanderun mai burodi.

A 1970 kamfanin Rival na birnin Kansas ya sayi kamfaninsa, ya gyara tukunyar, ya fito da ita kasuwa a 1971 da sunan Crock-Pot. Ta zo daidai lokacin da matan Amurka ke ta fita aikin albashi, don haka ta karɓu ƙwarai. Mace ta zuba nama da wake da safe, ta dawo da yamma ta tarar da abinci ya nuna.

Ƙirarta ba ta da wuya. Kasko ne mai kauri na yumɓu mai sheƙi, zaune cikin wani gida na ƙarfe wanda wayar zafi ke zagaye da shi, da murfin gilas a sama. Zafinta yana hawa ne sannu a hankali har ya tsaya kusa da tafasa. Tururi ba ya fita sosai, sai ya taru jikin murfi ya koma ciki. Galibinsu ba su cin wuta fiye da wat 300, alhali dutsen guga na lantarki yakan ci 1,000 ko fiye. Watau ƙaramin janareto ma yana ɗaukarta.

Abincin Baƙi

Ita kuwa gasasshiyar taliya, abincin kudancin Italiya ce, musamman wajajen birnin Nafoli da tsibirin Sisili. Suna da wata taliya mai rami kamar karan sha wadda suke kira ziti, sunan da ya fito daga kalmarsu ta amarya da ango, don da ita ake abincin biki. Tsakanin 1880 da 1924 mutanen Italiya fiye da miliyan 4 suka ƙaura zuwa Amurka, yawancinsu talakawan kudu ne da talauci ya koro. Suka cunkushe a unguwanninsu na Niyu Yok da sauran birane, kamar dai yadda kowane baƙo ke neman 'yan garinsu in ya sauka.

Ba su tarar da duk abin da suka baro gida ba, sai suka yi da abin da ke akwai. Nama ya fi araha a can, saboda haka suka ƙara nama. Cukun madarar ɓauna da suka saba da shi babu, suka koma na madarar shanu. Daga baya jikokinsu da ba su da lokacin tsaron tanderu suka mai da girkin cikin tukunyar Naxon. Ashe ke nan tukunyar da abincin duka gadon 'yan ƙaura ne, kuma wanda ya canza wani abu a ciki don ya dace da kasuwar garin da yake, bai yi wani sabon abu ba.

Batun Cuku

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Girkin yana bukatar cuku iri biyu, kowanne da aikinsa. Na farko fari ne mai taushi, wanda ake shimfiɗawa a tsakiya don ya ba abincin jiki. Mutanen Italiya rikota suke sawa. Na biyu shi ne mai narkewa yana yauƙi, watau mozarela, wanda ke lulluɓe saman.

Na farkon ba sai an je babban kanti ba. Wara da matan Fulani ke yi da madarar shanu a jihohin Kwara da Oyo, suna tallarta a tasoshi da bakin hanya, tana yin wannan aiki sarai. Da ruwan ganyen tumfafiya suke kama madarar. Kada a rikita ta da awarar waken suya, wannan dabam ce. Sai dai wara ba ta narkewa komai zafin da ta sha, shi ya sa ake iya soya ta. Wanda ya zuba ta a sama yana jiran ta yi yauƙi zai daɗe yana jira. Haka nan busasshen cukun nan na ƙasar Nijar da Buzaye da Fulani ke yi, wanda ake ci da shayi ko a daka cikin fura, shi ma ba ya narkewa. In an daka shi an barbaɗa kaɗan yakan ƙara ɗanɗano, amma ba ya maye gurbin mozarela. Ita kam tilas a saye ta.

Ga Musulmi akwai abubuwa biyu na lura. Turawa sukan sa tsiran-alade cikin wannan girki, don haka duk miyar kwalba ko naman leda da aka shigo da shi daga waje, a karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Na biyu, wasu nau'o'in cukun Turai ana kama su ne da wani sinadari daga cikin ɗan maraƙi, malamai kuwa sun saɓa game da hukuncinsa in ba yankan Musulunci aka yi wa dabbar ba. Mai son fita daga shakka sai ya nemi wanda aka rubuta halal a jikinsa, ko wanda aka kama da sinadarin da ba na dabba ba. Wara dai ba ta da wannan magana, tun da tumfafiya ce ta kama ta.

Yadda Ake Yi

Ga tukunya mai cin lita 5 ko 6, abincin mutum shida zuwa takwas, ana bukatar makaroni mai kauri giram 500, niƙaƙƙen naman sa rabin kilo, wara kamar giram 400, mozarela giram 250, ƙwai 1, da miyar tumatir lita ɗaya da rabi. Taliyar ta zama gajera mai rami, irin ta alkama mai tauri. Taliyar murji ta gida da siririyar taliyar leda ba su jure wannan dafuwa, kafin a ankara sun zama kunu.

Da fari a soya albasa da tafarnuwa a risho, a zuba naman a soya shi har jan ya ɓace, a tsiyaye kitsen da ya yi yawa. Kada a tsallake wannan mataki, don lokacin da taliya ke bukata bai isa ya tabbatar da nunar ɗanyen nama ba. Sa'an nan a zuba markaɗen tumatir da tattasai da ɗan attarugu, da ƙaramin gwangwanin tumatir, da gishiri da ganyen ɗoɗɗoya, a bari ya tafasa tsamin ya fita. Miyar ta zama mai ruwa-ruwa, kada a soya ta ta kafe irin ta shinkafa. Dalili kuwa shi ne taliyar ɗanya za a zuba, daga miyar nan za ta sha duk ruwan da za ta nuna da shi.

Warar kuma a wanke ta, a tafasa ta minti 5 cikin ruwan gishiri, a tsane, a marmasa ta da hannu a kwaɓa da ƙwan. A goge mozarela a ajiye gefe.

Sai a shafa mai cikin kaskon. A zuba miya ludayi biyu a ƙasa, a shimfiɗa sulusin taliya, a bi da rabin wara da ɗan mozarela, a sake zuba miya. A maimaita haka, a ƙare da sauran taliya, a rufe ta ruf da miya. Duk ƙwayar da ta leƙo sama ba miya a kanta za ta fito da tauri kamar tsakuwa. Kada kayan su wuce kashi biyu cikin uku na kaskon. A rage rabin mozarela don ƙarshe.

A rufe, a sa a babbar wuta awa 2 zuwa 2 da rabi, ko a ƙaramar wuta awa 3 zuwa 4. Kada a riƙa buɗe murfi ana leƙe, don kowane buɗewa yana zubar da zafin da tukunyar za ta daɗe kafin ta mayar. In lokaci ya kusa, a ciro ƙwaya guda daga tsakiya a tauna. Idan ta nuna amma da sauran ƙarfinta, a barbaɗa sauran mozarela, a shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle ƙarƙashin murfi don ya tsotse raɓar tururi, a bar shi minti 20. Daga nan a kashe, a buɗe, a bari ya huta rubu'in awa don ya kama jikinsa a iya yankawa. Samansa ba zai yi ja irin na tanderu ba, amma gefen da ya taɓa kasko yakan yi ɗan ƙanzo mai daɗi, wanda yara ke rububi.

Inda Haɗarin Yake

Sunan da tukunyar nan ta yi na cewa a zuba da safe a dawo da dare gaskiya ne ga nama mai tauri, kamar ƙafar sa ko jela. Ga taliya ba haka ba ne. Wanda ya ɗora ta da asuba ya tafi kasuwar Mile 12 sai magariba, dagargajajjen abu zai tarar. Girki ne na bayan la'asar, ko na ranar hutu, ko na watan azumi inda mace za ta ɗora da azahar ta juya ga ƙosai da kunu.

Na biyu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne ɗaukewar wuta. An ƙera tukunyar ne a ƙasar da lantarki ba ya yankewa sai nadiri. Abincin da ya zauna da ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas, nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, musamman mai nama da madara da ƙwai. Wasunsu ma sukan bar dafi cikin dafaffiyar taliya ko shinkafa wanda ɗumame ba ya kashewa. Shawarar Ma'aikatar Gona ta Amurka a kan haka a fili take: in wuta ta ɗauke ba kowa a gida, ba a san tsawon lokacin ba, a zubar da abincin ko da ya yi kamar ya nuna. In kuwa ana nan, a ƙarasa dafuwar nan take ta wata hanya. Abin da ya riga ya nuna kafin wuta ta tafi yana iya zama cikin tukunyar har awa 2.

Wajen ƙarasawar, kada a ɗora kaskon yumɓun kan risho ko gawayi, tsagewa zai yi. A juye cikin tukunyar ƙarfe mai kauri, a ƙara ruwa rabin kofi, a sa wuta kaɗan a ƙasa da ɗan garwashi kan murfin ƙarfe. Tsarin hawa-hawan zai ɓaci, amma abincin ya tsira.

Na uku, mai sayen ta gwanjo a Alaba ko wata kasuwa ya juya ta ya duba ƙasanta. Wadda aka yi don Amurka wutar bolt 110 zuwa 120 take ci, ta ƙasar nan kuwa 230 ce. In aka jona ta ba na'urar rage ƙarfin wuta, ƙonewa za ta yi. Wadda ta fito daga Ingila ko sauran ƙasashen Turai ita ce daidai. A kuma duba kaskon da kyau kada a sayi mai tsaga.

Magana ta gaskiya, girkin nan ba mai araha ba ne, mozarela kaɗai ta fi taliyar tsada, kuma ba zai ture tuwo da miyar kuka daga gidan Bahaushe ba. Amma ga ranar suna, ko ranar da 'yan'uwa suka sauka daga gida, ko lokacin da yaran da aka haifa a Kurmi suka matsa suna son irin abin da suka gani wajen abokansu, uwar gida mai ɗaki guda tana iya fid da kanta kunya ba tare da ta tare madafin maƙwabta ba. Abin da ake bukata gare ta shi ne miya mai ruwa, ido a kan agogo, da risho a shirye kusa ko da wuta za ta yi halinta.