Zubin Farko: Abin da Ɗan Dara Zai Gane a Wasan Ches

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan 'yan dara a gindin bishiya, a Bagudo ko Tsamiya ko Lolo da ke bakin iyakar Benin, ya san ba daga zama ake fara ci ba. Gurbi 30 ake tonawa a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan tsinke, wancan tsakuwa. Ana sawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ka jera uku ba sai an gama zubi. Gwani tun a nan yake ɗaure abokin karawarsa.

Wasan ches ma yana da nasa zubin, sai dai 'ya'yansa a jere suke tun farko: 16 a kowane ɓangare, a kan allo mai gida 64. Mai farare ke farawa, kuma zaɓi 20 ke gabansa. Burinsa ya mamaye tsakiyar allo, ya fito da dawakai da wuri, ya kai sarki lungun da hari ba zai same shi ba. Ɗan koyo kuwa sarauniya yake gaggawar fitarwa, a yi ta korarta yana asarar motsi.

Hanyoyin buɗe wasan har suna gare su. Ruy Lopez, alal misali, sunan wani limamin coci ne ɗan Sifen da ya yi littafi a kan ches a 1561, kuma har gobe ana buga ta. Manyan 'yan wasa kan haddace motsi goma sha, su kuma binciki abin da abokin hamayya ya saba yi.

A nan Bobby Fischer na Amurka ya shammaci Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet a gasar duniya ta 1972 a Reykjavik. Kowa ya san Fischer da tura sojan gaban sarki, wato e4. A wasa na shida sai ya tura wani soja daban, wato c4, aka zarce cikin Queen's Gambit, salon da kusan bai taɓa bugawa da farare ba. Shirin da aka yi masa ya tashi a banza. A ganina ba shammatar kaɗai ta yi aiki ba, Fischer ya fahimci salon ciki da bai. A motsi na 41 Spassky ya sallama, sannan ya bi sahun 'yan kallo yana tafa masa.