Daga Ambursa zuwa Lome: Guzurin Mai Niyyar Ziyartar Ƙasar Togo

Gabatarwa

Hausawa kan ce tafiya mabuɗin ilmi, sun kuma ce matambayi ba ya ɓata. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abubuwan da ya kamata mutumin ƙasar Kabi ya sani kafin ya kama hanyar Togo, ko ɗalibi ne mai son nazarin Hausar zango, ko mai koyon Faransanci, ko kuwa ɗan kasuwa. An ɗauki Ambursa a matsayin mafarin tafiya domin tana kan hanyar da ta haɗa Birnin Kebbi da Argungu, kuma a nan ne filin jirgin saman jihar yake. Za a ga cewa hanyar da kakanni suka bi da jakuna tana nan, kuma har yanzu ita ce mafi kusa, sai dai a yau takarda da iyaka da halin tsaro su ke zaɓa wa matafiyi inda zai bi.

Ƙasar da Mutanenta

Togo ƙaramar ƙasa ce a bakin tekun Atalantika. Tana iyaka da Gana daga yamma, da Jamhuriyar Binin daga gabas, da Barkina Faso daga arewa. Faɗinta bai cika murabba'in kilomita 57,000 ba, watau Jihar Neja ma ta fi ta girma. Siririya ce mai tsawo, domin daga kudu zuwa arewa takan kai wajen kilomita 600, alhali gaɓar tekunta ba ta kai kilomita 60 ba. Ƙidayar 2022 ta nuna jama'arta sun ɗan haura miliyan 8. Babban birninta, Lome, yana bakin teku, manne da iyakar Gana.

Jamusawa suka fara mallakar ƙasar a 1884. A 1914 sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace ta, daga baya suka raba. Kashin Ingila ya shige cikin Gana bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1956, kashin Faransa kuwa ya sami mulkin kai ran 27 ga Afrilu, 1960. Wannan ya sa Faransanci ne harshen hukuma, ko da yake ƙasar ta shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 2022. A kudu harshen Ewe da na Mina suka fi yawa. A arewa akwai Kabiye, waɗanda sunansu ne kawai ya yi kama da na Kabawa, da Kotokoli na yankin Sokode, inda Musulmi suka fi rinjaye.

Tsohuwar Dangantaka

Bakabe ba baƙo ba ne a wannan yanki. A ƙarni na 19 ayarin fataken Gwanja kan ratsa Jega, su ƙetare Kwara, su bi ta ƙasar Bargu zuwa Jugu, sa'an nan su keta ƙasar da a yau ake kira Togo, su isa Yandi da Salaga, inda suke sayar da kanwa da tufafi da fatu su ɗauko goro. Duk inda ayari ya saba yada zango, sai unguwa ta tsiro, ana kiranta zango har gobe. Sunan garin Sansanin Mango da ke arewacin Togo shaida ce ta wannan cuɗanya.

Ɗaliban adabi sun san Alhaji Umaru Salaga, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, amma asalin gidansu Kabawa ne, shi ya sa ake yi masa laƙabi da Alkabawi. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya koma Kete-Karachi, wadda a zamanin take ƙarƙashin Togon Jamus, a yau kuwa tana cikin Gana. A can ya yi aiki da wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, wanda ya wallafa ƙamus na Hausa a 1906. Alhaji Umaru ya rasu a 1934. Ke nan wani sashe na tarihin rubutun Hausa a wannan yanki aka yi shi.

A Lome ma akwai zango. Tsohon zangon yana tsakiyar gari ne har 1977, lokacin da hukuma ta tashe shi ta mai da mutanensa arewacin birnin, wajen Agowe. Can ne baƙon da ya sauka ba shi da kowa zai fara nufa, domin a masallaci ko wurin mahauta ko a kara ba zai rasa mai jin Hausa ba. An daɗe da lura cewa Hausar zangunan Gana ta yi sakaci da bambancin jinsin namiji da ta mace. Gwada Hausar zangon Lome da wannan ma'auni, tare da duba kalmomin da ta aro daga Faransanci da Ewe, aiki ne da zai ishi ɗalibi kundin digiri.

Takardu

A Ikko aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ƙungiyar ECOWAS ran 28 ga Mayu, 1975, kuma shugabannin Nijeriya da Togo na lokacin, Janar Yakubu Gowon da Janar Eyadema, su suka yi ɗawainiyar kafa ta. Ƙa'idar da ƙungiyar ta zartar a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa cikinta damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Saboda haka ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza domin shiga Binin ko Togo. Amma rashin biza ba ya nufin rashin takarda. Wajibi ne ya riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, ya kuma tabbata an buga masa hatimin fita da na shiga a kowace iyaka. Wanda ya bari ɗan acaɓa ya zagaya da shi ta bayan gari ya tsira da 'yan mintoci, amma shingen farko na jandarma zai mai da shi wanda ya shiga ƙasa ta ɓarauniyar hanya.

Takarda ta biyu ita ce katin rigakafin cutar shawara, mai launin rawaya. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, don haka ba a bari sai jajibirin tafiya. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har iyakar rayuwa. Mai tafiya da motar kansa yana bukatar ƙarin abu uku: lasin na ƙasa da ƙasa, da takardar inshorar ECOWAS mai launin ƙasa-ƙasa, da takardar izinin shigar da mota wadda kwastan ke bayarwa a bakin iyaka. Ɗalibi kuma ya ƙara da wasiƙar shugaban sashe, in da hali a fassara ta da Faransanci.

Hanyoyi Uku

Hanyar arewa ita ce magajiyar hanyar fatake. Daga Ambursa sai Birnin Kebbi, sai Kalgo da Bunza, har Kamba. Daga nan a shiga Gaya ta Nijar, a hau gadar Kwara zuwa Malambil ta Binin, a bi Kandi da Paraku da Jugu, a shiga Togo ta wajen Kara. Daga Kara babban titi ya miƙe kudu ta Sokode da Atakpame har Lome, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 400. Mai jin Dandanci ko Zabarmanci ba zai sha wuyar magana ba daga Kamba har Jugu. Akwai kuma mashigai biyu a ƙaramar hukumar Bagudo, Lolo da Tsamiya, waɗanda ke kai mutum Binin ba tare da ya taka Nijar ba.

Matsalar wannan hanya iri biyu ce. Ta farko ita ce rufe iyaka. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya. Binin ta buɗe nata gefen a 2024, Nijar ta bar nata a rufe, mutane suka koma ƙetarewa da kwalekwale. Ran 29 ga Janairu, 2025, Nijar ta fita daga ECOWAS, don haka mai ratsa ta gara ya riƙe cikakken fasfo. Ta biyu ita ce tsaro. A Afrilun 2025 gwamnatin Binin ta tabbatar da kisan sojojinta 54 a wani hari a dajin da ke arewacin ƙasar, kuma a Yunin 2022 Togo ta kafa dokar ta-ɓaci a jiharta ta can arewa, inda Mango da Dapawong suke. Wanda ya zaɓi wannan hanya, to, ya tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a ranar, kada kuma dare ya same shi a kan titi.

Hanyar kudu ta fi tsawo ƙwarai. Ana bin Jega da Koko da Yawuri da Kwantagora, a ƙetare Kwara a Jabba, a wuce Ilori da Badun zuwa Ikko. Ita ma tana da wuraren da ba a so a bi da dare, musamman cikin Jihar Neja. Daga Ikko sai Badagiri da iyakar Seme, sai Kwatano, sai iyakar Hilakonji, a shiga Togo ta tsohon garin Aneho. Tsakanin Ikko da Lome bai kai kilomita 300 ba, amma yawan shingaye da iyakoki biyu kan cinye yini guda.

Hanya ta uku ta sama ce. Filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa ya fi aikin jigilar alhazai da zirga-zirgar cikin gida, saboda haka sai an je Abuja ko Ikko a sami jirgin Lome. Kamfanin ASKY, wanda cibiyarsa take Lome, yana cikin masu wannan jigila. Ita ce mafi tsada, kuma ita ce mafi kwanciyar rai.

Kuɗi da Agogo

Sefa ake kashewa a Togo, kuɗin da ƙasashe 8 na Afirka ta Yamma suka yi tarayya a kai, har da Binin da Nijar. Ta bambanta da sefar Kamaru da Cadi, wadda ba a karɓa a kasuwar Lome. An ɗaure darajarta da kuɗin Turai, yuro ɗaya a kan sefa 655.957, shi ya sa ba ta hawa da sauka kamar naira. Abin lura shi ne Hausawan ƙasashen sefa da dala suke lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai kaya ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Jika kuma sefa 1,000 ce, alhali jakar Nijeriya naira 200 ce. Wanda bai riƙe wannan ba zai yi ciniki da harshensa, a kuma cuce shi da harshensa. Ya kamata a canza kuɗi kaɗan a bakin iyaka, a nemi ƙananan takardu da tsaba, domin canji yana wuya.

Agogon Binin daidai yake da na Nijeriya, na Togo kuwa yana baya da awa ɗaya. Ofisoshin hukuma kan tashi da tsakar rana su komo wajen ƙarfe biyu da rabi. Kafofin lantarki masu ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa, don haka a tafi da mahaɗi.

Yanayi, Abinci da Teku

Kudancin Togo damina biyu gare shi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa farkon Nuwamba. A watan Agusta, lokacin da marka ke zuba a fadamar Rima, Lome tana cikin sanyi da ƙarancin ruwa. Zafinta bai kama ƙafar bazarar Birnin Kebbi ba, amma iskar tana da laima, gumi ba ya bushewa, abin da kan gajiyar da mutumin arewa. Lokacin da ya fi dacewa da tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sauro yana nan duk shekara, sai a tafi da gidan sauro, a kuma kula da ruwan sha.

Abincin ba zai ba Bahaushe mamaki ba: tuwon masara, da sakwara, da shinkafa da wake, da kifi, da cukun Fulani da ake kira wagashi. Sai dai a kudu ana sayar da naman alade a fili, saboda haka Musulmi ya tambaya kafin ya ci, ko ya nemi abinci a zango.

Teku kuwa tana bukatar gargaɗi na musamman. Bakabe ɗan ruwa ne, kuma wanda ya saba faɗawa Matan Fada yana iya ɗauka ruwa duk ruwa ne. Tekun Lome tana da igiya mai ja ta ƙarƙashi, wadda kan janye gwanin iyo zuwa ciki. A tsaya a gaɓa a yi kallo. Haka kuma kada a ɗauki hoton bariki ko fadar shugaban ƙasa, kada a tsoma baki cikin siyasar masu gida, domin ko a Yunin 2025 an yi zanga-zanga a Lome wadda ta jawo asarar rayuka.

Kammalawa

An ga cewa Togo tana kusa da ƙasar Kabi ta fuskar tarihi da harshe, kuma dokar ECOWAS ta sauƙaƙa shigarta. An kuma ga cewa gajeriyar hanya ita ce ta fi fuskantar rufe iyaka da hare-hare tun daga 2019. A zamanin fatauci madugu shi ke sanin inda rijiya take, da sarkin da ake biya fito, da dajin da ba a kwana. Yau babu madugu, aikinsa ya koma wuyan kowane matafiyi: ya kammala takardunsa, ya iya lissafin sefa, ya tambayi halin hanya kafin ya hau mota, ya kuma bar wa sashe da iyalinsa sunan masaukinsa da ranar da ake sa ran komowarsa.