Ƙarancin Bitamin C ga Masu Wankin Ƙoda

Idan ƙodar mutum ta daina aiki, na'ura ce take tace masa jini. Wannan shi ne wankin ƙoda, irin wanda ake yi a manyan asibitocin Yamai da Damagaram. Akan yi shi sau 2 ko 3 a mako, wajen awa 4 kowane zama. Yana ceton rai. Amma na'urar ba ta iya bambanta datti da wasu abubuwa masu amfani. Ɗaya daga cikin abin da take kwashewa shi ne bitamin C.

Mene ne amfanin bitamin C?

Shi ne yake ƙarfafa fata da dasashi da hanyoyin jini. Yana sa rauni ya warke. Yana kuma taimakon jiki ya samu sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda da shi ake yin jini. Akuya da saniya jikinsu yana yin nasa bitamin C. Jikin ɗan Adam ba ya yi, kuma ba ya ajiye shi da yawa. Sai mun ci shi a ƴaƴan itatuwa da ganyaye.

Me ya sa yake ƙarewa?

Dalilai uku ne. Na farko, bitamin C yana narkewa cikin ruwa, sai ya bi ruwan na'ura ya fita a kowane zama. Na biyu, likita yakan ce a rage lemu da ayaba da gwaiba da tumatir, domin suna da sinadarin potasiyum. Idan potasiyum ya taru a jinin mai ciwon ƙoda, yana iya tsayar da zuciya. To, waɗannan abincin su ne kuma masu bitamin C. Na uku, akan ce a tafasa ganye da dankali a zubar da ruwan don a rage potasiyum. Bitamin C ma yana tafiya tare da ruwan.

Alamomin da za ku lura da su

Bayan wata 1 zuwa 3 na rashi, za a iya ganin:

- kasala da ciwon gaɓoɓi
- dasashi ya kumbura yana jini, haƙora suna girgiɗa
- ƙananan ɗigon jini a gindin gashin ƙafafu
- jini yana kwanciya ƙarƙashin fata ba tare da an buge ba
- rauni ko wurin allura ya ƙi warkewa
- ƙarancin jini da ya ƙi jin magani

Sau da yawa akan ce ai ciwon ƙodar ne kawai, sai a yi shiru. Kada ku yi shiru. Ku nuna wa likita ko ma'aikacin da yake ɗora ku kan na'ura. Shi zai duba ko rashin bitamin ne, ko kuwa maganin hana jini daskarewa da ake sakawa lokacin wanki.

Magani, da abin da za a kiyaye

Maganin ba shi da wuya. Yawanci likita yakan ba da ƙwaya ta miligiram 60 zuwa 100 a rana. A ranar wanki, a sha bayan an sauka daga na'ura. Wanda ya sha kafin wanki, na'urar ce za ta kwashe.

Kada ku sayi manyan ƙwayoyin miligiram 500 ko 1000 a wurin masu tallar magani, har da waɗanda ake jefawa cikin ruwa suna kumfa. Rarar bitamin C tana zama wani gishiri mai suna okzalat. Lafiyayyar ƙoda tana fitar da shi a fitsari. Wadda ta gaza ba ta iya, sai ya taru a ƙashi da zuciya da hanyoyin jini.

Kada kuma ku koma shan garin kuka ko ruwan lemu da yawa da kanku. Suna da bitamin C, amma suna da potasiyum ma. Kabeji da abarba sun fi sauƙin potasiyum. Ku tambayi likita gwargwadon da ya dace da ku.

Ƴan uwa masu jinya, ku ne kuke dafa abincin, ku ne kuke ganin mara lafiya kullum. Ku riƙa duba bakinsa da ƙafafunsa sau ɗaya a mako. In kun ga jini, ku faɗa a zaman wanki na gaba. In jinin ya ƙi tsayawa, ku kai shi asibiti a ranar.