Jadawali Na Uku: Yadda Kwamfuta Ke Haɗa Ɗalibai Da Darussa

Duk magatakardan da ya taɓa riƙe rajistar makaranta ya san wannan matsala: ɗalibi ɗaya yana ɗaukar darussa da yawa, kowane darasi kuma yana da ɗalibai da yawa. In aka jera darussa gaban sunan kowane ɗalibi, ran da aka sake wa darasi suna sai an bi shafi-shafi ana gyara.

Maganin ya samo asali daga tsarin ajiye bayanai cikin jadawali wanda Edgar Codd na kamfanin IBM ya bayyana a 1970. Akan buɗe jadawali uku: na ɗalibai, na darussa, sa'an nan na uku mai haɗa lambar ɗalibi da lambar darasi.

Django, wato kayan gina manhajojin intanet da aka fitar a Amurka a 2005, yakan ƙirƙiro na ukun da kansa in aka rubuta masa ManyToManyField. Amma fa ba ya barin gurbin maki. Mai bukatar maki sai ya tsara nasa jadawalin, ya nuna shi da kalmar through. Gara a yanke wannan shawara tun farko, domin sauyawa bayan bayanai sun taru jan aiki ne.