Ziyarar Paparoma Ta 1982: Mai Ciwo Ya Zo Gaida Masu Ciwo

Ranar Juma'a, 12 ga watan Fabrairu, 1982, Paparoma John Paul na Biyu, shugaban ɗarikar Katolika na duniya, ya sauka a Ikko, inda Shugaba Shehu Shagari ya karɓe shi. Jama'a sun yi cincirindo don ganin baƙon, amma ba kowa ne ya tuna cewa wannan dattijo mai shekara 61 yana ɗauke da tabon harsashi a cikinsa ba.

Wata tara kafin wannan rana, wato ran 13 ga Mayu, 1981, wani saurayi ɗan ƙasar Turkiyya mai suna Mehmet Ali Agca ya harbe shi da bindiga yana cikin gaisawa da jama'a a dandalin majami'ar Saint Peter da ke Rum. Likitoci suka yi awa biyar suna yi masa aiki. Kwana huɗu bayan haka, yana kwance a gadon asibiti, aka ji muryarsa ta rediyo yana cewa ya yafe wa wanda ya harbe shi, har ma ya kira shi ɗan'uwa. Da ya sami sauƙi kuwa, Nijeriya ce ƙasar waje ta farko da ya taka.

Kashegarin saukarsa ya nufi Anacha, inda Akbishop Francis Arinze yake jagorancin mabiya. Bayan an gama babban taron addu'a, sai ya zarce asibitin Saint Charles Borromeo, aka tara masa marasa lafiya da tsofaffi. A nan ne ya gaya musu cewa shi ma ya san abin da ake nufi da ciwo da doguwar jinya a asibiti, gama bai daɗe da tashi daga irin gadon da suke kai ba. Ya kuma yaba wa mutanen Nijeriya saboda al'adarsu ta zumunci, wadda ba ta barin a jefar da tsoho ko majinyaci. To, mai karatu ya san gaisuwar da ta fito daga bakin wanda ya ɗanɗani ciwo daban take da ta mai lafiya, don kuwa ciwon da ba a jikinka yake ba, haƙurinsa da sauƙi.

Ran Lahadi, 14 ga wata, ya iso Kaduna. A filin Murtala ya naɗa sababbin limamai kusan 100. An kuma shirya zai gana da shugabannin Musulmi a ranar, amma ganawar ba ta yiwu ba. Wani babban baƙon da sai ya naɗe takardarsa ya tafi da fushi. Shi kuwa bai nuna ɓacin rai ba. A filin jirgin sama ya tsaya gaban Gwamna Abba Musa Rimi da muƙarrabansa, ya karanta jawabin da ya shirya. Ya ce Musulmi da Kirista duka suna zaune ne ƙarƙashin ranar Allah ɗaya Mai jinƙai, wanda Ya halicci ɗan Adam, saboda haka ya kamata su haɗa hannu wajen neman adalci da zaman lafiya da ci gaban ƙasa. Tarzomar da aka yi a Kaduna cikin shekarar 2000, wadda ta ci rayukan Musulmi da Kirista, ta nuna irin nauyin wannan kira.

Gafarar da ya yi a asibiti ma ba ta tsaya a baki ba. Ran 27 ga Disamba, 1983, ya shiga gidan yarin Rebibbia da ke Rum, ya zauna da Agca su biyu kaɗai a ɗakinsa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. A shekarar 2000 shugaban Italiya ya yi wa Agca ahuwa, da yardar Paparoman.

Da ya komo Nijeriya a watan Maris, 1998, tsufa da ciwon karkarwa sun kama shi, amma halin na nan. Ya zo ne don ɗaukaka darajar Fada Cyprian Tansi, limamin ƙasar Ibo, duk da haka bai manta da waɗanda ke tsare ba. Tawagarsa ta miƙa wa gwamnatin Janar Sani Abacha sunayen fursunoni wajen 60 da ake roƙon a sassauta musu. Ba a sake su nan take ba, sai bayan rasuwar Janar ɗin a watan Yuni aka fara buɗe ƙofofi.

Paparoma John Paul ya rasu ran 2 ga Afrilu, 2005. Abin da mai neman ƙarfafa imaninsa zai tsinta a cikin tafiye-tafiyen nan bai buƙatar farar riga ko jirgin sama. Duba maras lafiya, da haɗiye fushi in an ƙi ka, da sa baki don wanda ke kurkuku, duka ayyuka ne da majami'a da masallaci suka yi horo da su. Akwai asibiti da gidan yari a kowane gari, kuma a cikinsu ba a rasa wanda ya yi wata da watanni ba wanda ya leƙo ya ce masa sannu.