Takardu 432 da Aka Ɓoye a Masacusets

A shekarar 2013, 'yan sandan jihar Masacusets ta Amurka sun tare wata mata a shingen bincike a garin Beverly. Suka miƙa mata na'urar auna barasa, ta hura, allo ya nuna 0.23, alhali doka ta tsaya a 0.08. Lauyanta ya gaya mata ba a ja da wannan lamba a kotu, sai ta amince da tuhumar tuƙi cikin maye. Bayan shekara goma, kotun ƙolin jihar ta ba ta damar janye amincewar. Me ya rushe hujjar da kowa ya ɗauka ta fi ƙarfin musu?

Da farko lauyoyin masu kare kai sun zargi na'urar ce, wato Alcotest 9510 ta kamfanin Draeger. Aka haɗa ƙararraki masu yawa gaban alƙali Robert Brennan. A Fabrairun 2017 ya yanke cewa ƙirar na'urar ba ta da aibi a kimiyyance. Sai dai ya gano wata ɓaraka: ofishin gwamnati mai kula da saita na'urorin ya yi aiki daga 2011 zuwa 2014 ba tare da rubutacciyar ƙa'ida ba. Mudu ko na zinariya ne, in ba a tabbatar da cikarsa ba, awonsa abin shakka ne.

Daga nan hankali ya koma kan ofishin. Kotu ta riga ta umarce shi ya kawo takardun saitin da ake yi wa kowace na'ura duk shekara. Ya kawo kusan 2,000, kuma 'yan ƙalilan ne a ciki suka nuna na'ura ta faɗi gwaji. Wani ƙwararre da ke aiki da masu kare kai bai gamsu ba. Ya bi ta dokar da ta ba jama'a damar neman bayanan gwamnati, sai ga takardun da ba su cikin tulin da aka kai kotu.

Da aka tona, asiri ya tonu. Takardu 432 ne aka danne da gangan, kowacce tana nuna na'ura ta kasa cin gwajin saiti. Binciken gwamnatin jihar ya tabbatar da cewa ɓoye irin wannan shaida ya daɗe da zama al'ada a ofishin, kuma a Oktoban 2017 aka sallami shugabarsa.

A Afrilun 2023, kotun ƙolin jihar ta rufe zancen a ɗaukaka ƙarar matar. Ta ce duk wanda aka hukunta da awon wannan na'ura tsakanin 1 ga Yunin 2011 da 18 ga Afrilun 2019, mutum wajen 27,000, ba sai ya wahalar da kansa wajen tabbatar da cewa hukuma ta yi ha'inci ba. Abin da ya rage masa shi ne ya nuna awon ne ya karkatar da shari'arsa. In an sake shari'ar, ba za a karɓi awon ba.

Kotun ba ta ce matar ba ta sha ba, kuma tuƙi cikin maye yana salwantar da rayuka. Shi ya sa ha'incin nan ya yi muni matuƙa: ya jefa marar laifi cikin haɗari, ya kuma buɗe wa mai laifi ƙofar kuɓuta. Hukumar da ke son a amince da shaidarta, tilas ta bayyana inda kayan aikinta suka gaza.